Boks ko MMA: wanne ya dace da ɗan kokowa?

“Assalamu alaikum Maigida. Ni ɗan Tahoua ne, shekaruna 19, ina zaune a Bukoki nan Yamai wajen kawuna, ina koyon gyaran babur. Tun ina ƙarami nake kokowa a gida, kuma ba a cika kai ni ƙasa ba. A fadarmu kullum sai an yi gardama, wasu su ce ɗan boks ya fi, wasu su ce ɗan MMA zai gama da shi cikin minti guda. Ni kuma so nake in shiga ɗaya da gaske. Wanne ya fi ƙarfi, wanne ya fi haɗari, wanne kuma ya dace da irina? Mahaifiyata dai ba ta son ko ɗaya.”

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambaya uku ka dunƙule wuri guda, sannan ka ajiye ta huɗu a ƙarshe kamar ba komai ba, wato maganar mahaifiyarka, alhali a wurina ita ce mai nauyi. Ni ɗan boks ne. Na yi shekaru ina hawa ring, wato dandalin boks mai igiyoyi, yanzu kuma yara nake horarwa nan Yamai. MMA, wato faɗan da ake gauraya naushi, shuri da kaye a cikin keji, ban taɓa shiga na yi shi ba. Na yi atisaye da masu judo da ƴan kokowa, na kuma daɗe ina nazarin wasanninsa, to ka auna maganata a kansa da wannan ma'auni.

Doka ce take ƙera ɗan wasa

Kafin a ce wane ya fi wane, sai an tambaya a ƙarƙashin wace doka za su kara. Boks ɗin da muke gani yau ya samo tsarinsa daga dokokin Queensberry da aka wallafa a Ingila a 1867: safar hannu, turmi na minti 3, hutun minti 1, da ƙirga 10 ga wanda ya faɗi. Makaminka dunƙulen hannu biyu ne kawai, wurin bugu kuma daga ɗamara zuwa sama, ta gaba. Ba shuri, ba gwiwar hannu, ba kaye. In kuka rungumi juna alƙalin wasa ya raba ku. Ƙwararru masu neman kambun duniya turmi 12 suke yi, ƴan gasar ƙasa da ta Olamfik kuwa turmi 3. Mai kallo daga nesa zai ce abin bai taka kara ya karya ba, don naushin duka-duka huɗu ne: na hannun gaba mai tsokana, na hannun baya mai miƙewa, mai zagayowa ta gefe, da mai tasowa daga ƙasa ya sami haɓa. To ƙarancin kayan aikin shi ya sa aka yi zurfi a cikinsu. Ɗan boks na ƙwarai zai shekara goma yana gyaran taku ɗaya. Ya san tazarar da ke tsakaninsa da abokin karawarsa kamar yadda tela ya san awon gwado, yana kauda kai da faɗin yatsa uku naushi ya wuce ta gefen kunnensa, kafin mai bugun ya maido hannu gida shi kuma ya rama biyu. Wannan ba ƙarfin damtse ba ne, ƙafa ce da ido da numfashi.

MMA kuwa, ma'anar sunan gaurayen dabarun faɗa. Kamfanin UFC ya yi gasarsa ta farko ranar 12 ga Nuwamba 1993 a Denver ta Amurka, kuma manufarta ita ce ainihin gardamar fadarku: a haɗa ɗan boks da ɗan karate da ɗan sumo da sauransu a ga wa zai rage. Ba a raba su ajin nauyi ba, dokoki kuma ƴan kaɗan ne. Wanda ya ci shi ne Royce Gracie, ɗan Brazil siriri mai jujitsu, wato dabarar shaƙa da murɗe gaɓa a ƙasa, ya gama da mutum uku a dare ɗaya. Na farkonsu ɗan boks ne, Art Jimmerson, wanda ya shigo da safa a hannu ɗaya. Da aka kai shi ƙasa aka hau kansa bai san ta inda zai fita ba, sai ya sallama. Daga wajen 2000 zuwa 2001 hukumar wasanni ta jihar New Jersey ta jagoranci tsara dokokin da ake bi yanzu. Turmi minti 5 ne, ana yin 3, na kambu kuma 5. An yarda da naushi, shuri, gwiwa, gwiwar hannu, kaye, shaƙa da murɗe gaɓa. An hana karo da ka, tsone ido, cizo, bugun al'aura, bugun ƙeya da ƙashin baya, da shurin kan wanda yake ƙasa. Wanda aka shaƙe ko aka murɗe yana bubbuga hannu a jikin abokin karawa ko a ƙasa, wasa ya tsaya nan take, kuma ba abin kunya ba ne a wurinsu.

Ka lura da yadda doka take canja ko tsayuwar mutum. Ɗan boks yana tsayawa a karkace, yana ɗora nauyi a ƙafar gaba, yana duƙawa ƙasa sosai don ya kauce wa naushi, yana ɓoye fuska bayan safa mai nauyin giram 230 zuwa 280. Duk waɗannan daidai ne a ring. A keji kuwa ƙafar gaban nan ita za a yi ta shuri a ƙwauri da sha-raɓa har ta daina ɗaukarsa, duƙawar nan gwiwa za ta tarbe ta, safar kuma ƴar ƙarama ce mai buɗaɗɗun yatsu, giram 110 da ƴan kai, ba ta rufe komai. Shi kuma ɗan MMA yana tsayawa a buɗe, nesa-nesa, hannunsa ƙasa-ƙasa don tsoron a kama masa ƙafa. In ya hau ring da wannan tsayuwa, haɓarsa a fili take.

Da aka gwada, me ya faru?

Gani ya kori ji, kuma an gwada sau da yawa. A Agustan 2010 James Toney, wanda ya riƙe kambun boks na duniya a aji uku, ya shiga keji da Randy Couture. Couture ɗan kokowa ne, a lokacin yana da shekara 47. Ya nutsa ya kama ƙafar Toney tun a daƙiƙun farko, ya kai shi ƙasa, ya shaƙe shi a turmin farko. A Agustan 2017 aka juya abin: Conor McGregor, tauraron UFC, ya hau ring da gwanin boks Floyd Mayweather a Las Vegas. Mayweather ya bar shi ya ƙona ƙarfinsa a turmin farko-farko, sannan ya matsa masa har alƙalin wasa ya tsayar a turmi na 10. Kowa a gidansa ya ci.

Wanda ya fi jan hankalinmu a nan shi ne Francis Ngannou na Kamaru, kuma na san da shi ake kafa hujja a fadarku. Ya ci kambun masu nauyi na UFC a Maris 2021 da ya doke Stipe Miocic. Ranar 28 ga Oktoba 2023 a Riyad ya yi wasan boks na ƙwararru na farko a rayuwarsa, da Tyson Fury mai riƙe da kambun duniya na hukumar boks ta WBC a lokacin, ya kuma kai Fury ƙasa a turmi na 3. Alƙalai biyu suka ba Fury, ɗaya ya ba Ngannou, mutane da yawa har yau suna ganin an yi masa ƙwange. A daren nan masu son MMA suka ce magana ta ƙare. Wata huɗu da ƴan kwanaki bayan haka, ranar 8 ga Maris 2024, ɗan boks Anthony Joshua ya zo masa a shirye, ya kai shi ƙasa sau uku, na ukun a turmi na 2 ya bar shi kwance bai san inda yake ba. Naushin hannun dama ne miƙaƙƙe, wanda muke koya wa yaro a watansa na farko, amma an shekara fiye da goma sha biyar ana wasa shi kamar wuƙa. Kada kuma a manta Ngannou boks ya fara koya a Kamaru, da burin boks ya tafi Turai, a Paris ne aka karkatar da shi zuwa MMA.

To in ka matsa mini sai na ba ka amsa a kan wanne ya fi ƙarfi, ga ta, kuma ɗan boks ne yake faɗa maka: in aka cire yawancin dokoki aka bar mutum biyu masu nauyi ɗaya da ƙwarewa ɗaya, ɗan MMA ne zai fi yawan ci, domin shi ke zaɓar inda za a yi faɗan, a tsaye ko a ƙasa. Ɗan boks yana da dama ɗaya, ya same shi da naushi mai kyau kafin a kama shi. In kuma hannu kaɗai aka yarda da shi, ɗan boks zai wanke ɗan MMA tas. Ba a wuce nan ba. Sauran gardamar ta shan shayi ce.

Maganar haɗari

Nan ne nake so ka ba ni kunnenka duka biyu, domin ido yana ruɗar mutane. Wasan MMA ya fi muni a kallo: jini a tabarma, gira a fashe saboda gwiwar hannu, ana dukan mutum yana kwance. Boks kuma ga safa mai taushi, ga tsabta. Sai mutum ya ɗauka boks ya fi sauƙi. Safar nan hannun mai bugu take karewa fiye da kan wanda ake bugu. Ita ce take ba mutum damar ya yi ta dukan ƙoƙon kai da iya ƙarfinsa turmi bayan turmi ba tare da ƙashin yatsunsa ya karye ba. Ƙwaƙwalwa kuwa a cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai. Duk naushin da ya juya kai da sauri sai ta girgiza ta bugi bango, ko fata ta fashe ko ba ta fashe ba. Ga kuma ƙirga 10: mutum ya faɗi saboda ƙwaƙwalwarsa ta ɗauke na ɗan lokaci, ya miƙe a 8, a goge masa safa a ce ya ci gaba. A MMA irin wannan faɗuwar sau da yawa ita ce ƙarshen wasa, kuma akwai hanyar ci da ba ta bi ta kai ba.

Masu bincike a jami'ar Alberta ta Kanada sun duba bayanan likitocin da suka auna ƴan wasa bayan karawa a birnin Edmonton na tsawon shekaru har zuwa 2013. Sun samu kashi 59.4 cikin ɗari na ƴan MMA sun fito da wani rauni, ƴan boks kuma kashi 49.8. Amma waɗanda suka suma, ƴan boks kashi 7.1 ne, ƴan MMA kashi 4.2. Wato raunin MMA ya fi yawa, mafi yawansa ƙujewa da tsagewar fata, na boks kuma ya fi zuwa inda ba a so. Dalilin da ya sa ma aka rage turmin kambu daga 15 zuwa 12 shi ne mutuwar Kim Duk-koo ɗan Koriya ta Kudu, wanda ya faɗi a turmi na 14 a wasansa da Ray Mancini a Nuwamban 1982, ya rasu bayan ƴan kwanaki. Wannan ba ya wanke MMA. Shurin ƙwauri a kai ya fi kowane naushi nauyi, gwiwoyi da kafaɗu suna lalacewa, kuma wasan kansa sabo ne, tsofaffinsa ba su yi yawan da na boks suka yi ba.

Abin da na gani da idona a tsawon shekaru shi ne, yawancin lahanin ba ranar gasa ake samunsa ba, a wurin atisaye ake tara shi. Ɗan wasa zai yi karawa uku ko huɗu a shekara, amma zai yi gwajin naushi da abokansa sau ɗari. Zan ba ka labarin kuskurena, don kada ka yarda wani ya maimaita shi a kanka. Shekarun baya ina da wani yaro mai zuciya, ɗan shekara 17. Wata la'asar suna gwaji da wanda ya girme shi, naushi ya same shi a muƙamuƙi, na ga ƙafarsa ta yi taku ɗaya wanda ba shi ya sa ta ba. Na tsayar, na tambaye shi, ya ce: “Ba komai, koci, santsi ne.” Na duba idonsa, na bar shi ya ƙarasa turmi biyu. Wajen ƙarfe ɗayan dare mahaifinsa ya kira ni, yaro yana ta amai, yana tambayar abu ɗaya sau biyar. A babur muka kai shi asibiti, ni ina riƙe da shi a baya, kansa yana faɗowa a kafaɗata. Allah ya kiyaye, babu jini a ƙwaƙwalwa, amma ya yi makonni hasken rana ma ciwon kai yake sa masa. Laifina ne, ba nasa ba. Yaro mai zuciya ba zai taɓa cewa a tsaya ba, aikin babba ne ya tsayar da shi. Tun daga ranar, duk wanda ƙafarsa ta yi irin wannan taku a wurina ya cire safa, kuma ba ya sake karɓar naushi a kai sai bayan kwana 30 aƙalla, da izinin likita. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi da ba a saba gani ba, mantuwa, ko ganin abu biyu-biyu bayan an bugu, asibiti ake zuwa a daren, ba a jiran safiya.

Akwai haɗari ɗaya da wasannin biyu suka yi tarayya a kai, shi ne rage nauyi da ƙarfin tsiya kafin awo. Na sha kama yara sun naɗe jiki da leda a ƙarƙashin riga suna gudu da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ya haura digiri 40, sun kuma ƙi shan ruwa, wai su zubar da kilo uku. Ruwan jiki suke zubarwa, ba kitse ba. Ƙoda ce take biya, kuma jikin da ya bushe ba ya jure bugu a kai. Ka yi wasa a nauyin da Allah ya ba ka.

Abin da kokowa ta riga ta ba ka

Garinku ne ya karɓi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda yau muke kira Takobi, don haka ba sai na gaya maka darajar abin da ke hannunka ba. Amma zan gaya maka darajarsa a keji. Kokowa tana cikin tushe mafi ƙarfi a MMA, domin mai iya kayarwa da hana a kayar da shi shi ke riƙe da ragamar wasa. Kamaru Usman, haifaffen Auchi a Najeriya, da kokowar makarantun Amurka ya ci kambun UFC a 2019. Khabib Nurmagomedov na Dagestan ya yi wasa 29 bai faɗi ko ɗaya ba, akasari da kaye da dannewa. Shi kansa Ngannou, da ya haɗu da Ciryl Gane a Janairun 2022 ya ga ba ya samunsa da naushi, kaye ya koma ya riƙe kambunsa. Mafi kusa da kai shi ne Oumar Kane na Senegal, wanda ake kira Reug Reug, ɗan kokowar gargajiya da ya ci kambun masu nauyi na kamfanin ONE a Nuwamban 2024. Sai dai ka tuna babbar kokowar Senegal da naushi ake yin ta, sun saba da hannu yana zuwa fuska. Tamu ba haka take ba.

Wani ɗan kokowa daga Adar ya taɓa zuwa wurina, ƙaƙƙarfa, wuyansa kamar turmi. Ranar da na fara sa shi gwaji mara ƙarfi, ya tsaya yadda kuka saba: ya duƙa, kai a gaba, hannu biyu a buɗe suna laluben kama. Yaron da na haɗa su bai kai shi nauyi ba, amma ya yi ta taɓa masa hanci da hannun gaba, taɓ, taɓ, yana zagaya shi. Kowane taɓawa sai ya runtse ido ya juya fuska. Bayan minti biyu yana haki kamar ya yi dako. Da muka gama na ce to a cire safa, a shiga yashi, a kama. Bai fi ƙiftawa uku ba yaron nan nawa yana kallon sama. Duk suka yi dariya suka rungumi juna. A yammacin nan ɗaya kowa ya ga amsar gardamar fadarku.

To ga gibin da ke gabanka. Na farko, ba ka saba ganin naushi yana zuwa ka bar ido a buɗe ba, kuma wannan sai an yi watanni. Na biyu, a kokowarmu da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka, a yi kirari. A MMA nan ne aiki yake farawa. In ka kayar da mai jujitsu ka miƙa wuya ko ka bar hannu a sake, daga ƙasan zai shaƙe ka ko ya karya maka gwiwar hannu. Wannan ilimi ne mai zaman kansa, kuma ba a koyonsa daga bidiyon salula. Shaƙa tana ɗauke mutum cikin daƙiƙu kaɗan. Samari biyu su gwada ta a ɗaki ba mai sani a kusa, ana iya kwana da gawa.

Hanya da abinci

Boks yana da hanya shimfiɗaɗɗiya: kulob, gasar jiha, gasar ƙasa, ta Afirka, har Olamfik, inda yake tun 1904. Lambar Olamfik ta farko da Nijar ta taɓa samu ta boks ce, tagullar da Isaka Dabore ya ciyo a Munik ta Jamus a 1972, kuma sai bayan shekara 44 Abdul Razak Isufu Alfaga ya kawo ta biyu, azurfa a tekwando a Rio a 2016. Ka ga muna da tsofaffin da suka san boks, suka koya daga waɗanda suka san shi. MMA ba ya cikin Olamfik, kuma sabo ne ko a ƙasashen da suka fi mu hali. Faransa sai a 2020 ta halatta gasarsa. Yana buƙatar tabarma mai kauri, malamin naushi, malamin shuri, malamin faɗan ƙasa, da likita a gefen keji. Boks kuwa da igiyar tsalle, buhu, bandeji da inuwar bishiya an fara.

Kuɗi kuma, a duka biyun ƴan ƙalilan ne a sama suke kwasa. Manyan ƴan boks sun fi manyan ƴan MMA samu nesa ba kusa ba, shi ya sa McGregor da Ngannou suka hau ring, ba a ga Mayweather ko Joshua sun shiga keji ba. Na ƙasa kuwa a ko'ina da wata sana'a suke ci. Kada ka saki gyaran babur ɗin nan. Na kuma san ana ba da labarin yadda Ngannou ya ratsa hamada ta Nijar da Aljeriya ya kai Maroko, ya ƙetara ruwa, aka tsare shi wata biyu a Spain, ya kwana a titin Paris. Kai ɗan Tahoua ne, ka fi ni sanin gidajen da suke jiran wanda ya bi wannan hanya bai dawo ba. Kada wasa ya zama dalilin da za ka bi ta.

Mahaifiyarka, da abin da malamai suka ce

Tsoronta yana da tushe, duk abin da na faɗa a sama shaida ne. Akwai kuma ɓangaren addini da ba zan ɓoye maka ba don ina son wasan. Hadisi ingantacce ya yi hani da dukan fuska, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a 1987 ta yi fatawar haramta boks yadda ake yin sa a gasa, ta halatta kokowar da babu cutarwa a cikinta. An ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokowa da Rukana ya kayar da shi. Hujjar da aka kafa a kan boks ta hau kan MMA ma. Ni mai horarwa ne, fatawa ba aikina ba ce. Ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa ka faɗa masa yadda wasan yake dalla-dalla. Abin da zan iya ce maka daga ɓangarena shi ne, kashi mafi yawa na horon boks ba a dukan kowa a cikinsa: gudu, tsallen igiya, dukan buhu, dukan tafin koci, naushin inuwa. Ina da manya da suke zuwa shekara da shekaru don lafiyar jiki, ba su taɓa bugun fuskar mutum ba. Kada ka yi abin nan a ɓoye. Ka kai kawunka ya zauna ya ga atisaye da idonsa, shi ya kira ta ya gaya mata abin da ya gani. In ta ce gasa dai a'a, ka tsaya a horo da kokowarka har ranar da zuciyarta ta kwanta.

In ta yarda, shawarata ita ce ka fara da boks, shekara biyu, ba tare da ka bar kokowa ba. Ba don boks ya fi ba, sai don shi ne abin da ka rasa, shi ne kuma za ka samu masu koyar da shi da kyau a nan. Ka samu kulob ɗin judo ka riƙa zuwa sau ɗaya a mako, can za ka koyi faɗuwa ba tare da rauni ba, da dannewa da shaƙa a gaban malami. Bayan shekara biyu, in har zuciyarka tana keji, za ka je masa da hannu, da kaye, da ɗan sanin ƙasa, sai shuri ya rage maka. In kuma boks ya kama ka, ƙarfin ƙugu da wuyan da kokowa ta ba ka ba za su tafi a banza ba. Ban ga jikinka ba, ban san nauyinka ko lafiyar idonka ba, don haka kafin komai likita ya duba ka, musamman ido da zuciya da hawan jini, ka kuma gaya masa in ka taɓa suma ko farfaɗiya.

Wurin da za ka shiga ya fi sunan wasan muhimmanci. Ka je sau biyu ka zauna a gefe kana kallo kafin ka biya ko dala. In ka ga an sa sabon zuwa gwajin naushi a makonsa na farko, ko an haɗa ƙaramin yaro da ƙato wai a gwada zuciyarsa, ko wani ya jiƙe da jini koci yana tafi, ka ɗauki takalminka. Wurin kirki wata biyu ko uku za ka yi kana taku da tsallen igiya har ka gaji da su kafin a bar wani ya taɓa ka. Abin da za ka fara saya robar haƙori ce, wadda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza ta kama bakinka, da bandeji biyu na naɗe hannu. Waɗannan ba a aro. Safa ko ta gwanjo ce ta yi, in dai soson cikinta bai mutu ba, ka danna da babban yatsa, in ka ji ƙashin hannunka ta ciki ka bar ta. In za ka rataya buhu a gida kada ka cika shi da yashi zalla, yana daskarewa ya zama dutse ya lalata wuyan hannu. Tsummoki da ɗusar katako ake cusawa. Bayan wata uku ka sake rubuto mini, ka gaya mini nauyinka, ko har yanzu kana runtse ido in hannu ya taso, da abin da Inna ta ce.